Hancin Aro

Kakata, wadda duk gidan muke kira Iya, ba ta taɓa rubuta suna a jikin kwalba ba. Turaren wuta take haɗawa a gidanmu da ke unguwar Hausari tun babana yana goye. Ta koya ne a wajen wata Babarbariya da suka yi maƙwabtaka lokacin tana amarya. Madarar turarukanta, wato man turare mai kauri da ba a sirka ba, tana zuba su a duk kwalbar da ta samu, ta maganin tari ko ta maganin ƙarin jini, ta wanke ta shanya a rana ta cika. Suna cikin wata tsohuwar kwalla a ƙarƙashin gadonta, su ashirin da uku, kusan dukkansu launin shayin da ya ji ganye. In tana son ɗaya sai ta buɗe murfi ta gilma shi ta gaban hancinta sau ɗaya, ta san ko wane ne.

A daminar da nake magana, na dawo hutun ƙarshen shekarata ta farko a jami'a. Na zo da wani littafin kemistiri mai nauyi, saboda darasin sinadaran kabon ya ba ni wahala kuma na san zan sake haɗuwa da shi. Na tarar Iya ta tashi daga zazzaɓi da mura mai tsanani. Ta rame, amma bakinta na nan. Tun tana kwance Baba yake cewa hayaƙin nan ne yake cin ƙirjinta, lokaci ya yi da za ta huta, a ba wa wata tukwanen. Duk lokacin da ya faɗa sai ta juya fuskarta bango.

Kwana biyu da zuwana wata mata ta zo daga unguwar Dogo Nini. A layinmu ta tashi, kuma Iya ce ta haɗa mata turaren aurenta shekara ashirin da wani abu da suka wuce. Yanzu za ta aurar da 'yarta, wadda take aikin jinya, saura sati biyar. Ba ta zo da dogon bayani ba. Ta ce irin nata take so, sak. Iya ta ce Allah ya kai mu. Turaren wuta yana son a rufe shi ya yi sati biyu ko uku yana tsumuwa, don haka dole a haɗa shi cikin satin.

Washegari da hantsi ina ɗaki ina karatu sai na ji ƙauri. Na fito da gudu. Iya tana zaune a kujerarta 'yar tsugunno, ta ba murhu baya tana tsintar itacen hawi, wanda shi ne jikin turaren, a faifai, tukunyar sukari kuwa tana hayaƙi taku biyu daga kafaɗarta. Na sauke tukunyar da gefen zanina.

"Wutar ce ta yi yawa," in ji ta. "Itacen yanzu ba shi da kunya."

Na kai tukunyar bakin rijiya ina kankara. Sukarin nan da na gani fari tas da safe ya koma baƙi ƙirin, yana ɓarewa kamar gawayi, kuma gawayin ne. Na tsaya ina jujjuya wani ɓarɓashi a yatsana. Tuwo in ya ƙone haka yake komawa, da nama, da madara, da tsumma, da gashin kaina ranar da na matsa kusa da fitila. Abubuwan da ba su yi kama da juna ta ko'ina ba, in wuta ta kore musu sauran abin da ke jikinsu, baƙin nan ɗaya suke bari. Na rubuta wannan a jarrabawa, amma sai ranar na riƙe shi a hannu.

Ina cikin wannan tunani Iya ta jawo kwallarta tsakar gida. Ta ɗauki kwalba, ta buɗe, ta gilma ta gaban hanci kamar kullum.

"Sandal," ta ce, ta ajiye ta a gefen waɗanda za ta zuba.

Daga bakin rijiya warin ya iso ni. Man darbejiya ne, wanda take shafa wa ƙafarta in tana ƙaiƙayi. Ko akuya ba ta tsayawa kusa da shi.

Na ce, "Iya, wannan ai man darbejiya ne."

"An ce miki ban sani ba? Gwada ki nake."

Ta mayar da murfin a hankali, ta daɗe tana murza shi bayan ya rufu. Sannan ta ce in tura ƙyauren tsakar gida in zo.

"Tun ciwon nan," in ji ta, "ko tafarnuwa aka daka a gabana ba na ji. Tuwo da miya kamar ina tauna auduga. Na zaci kwana biyu ne." Ta dubi kwalaben. "In babanki ya ji, gobe za a ɗora tukwanena a amalanke. Ni kuma in zauna in yi me, in ƙirga ƙudaje?"

Ta ɗago kai ta dube ni.

"Ke, 'yar boko. Hancinki yana aiki, ko takarda ta toshe shi?"

Haka muka fara. Matsalar a fili take: Iya ta san sunan kowane turare da inda yake shiga, amma ba ta jin su. Ni ina jin su, amma ban san sunan ko ɗaya ba, don duk shekarun nan ƙamshin gidanmu ne kawai a wajena, ban taɓa tunanin yana da gaɓoɓi ba. Sai ta ce in shaƙa in faɗa mata yadda yake, ita kuma ta gano.

Na buɗe ta farko na rufe ido. Na ce kamar an buɗe akwatin zannuwan da aka manta da shi tun bara, a ɗakin da ruwan sama yake bugun kwanonsa.

"Ƙamshi na ce ki faɗa min, ba waƙa ba. Yana da zaƙi?"

"Kaɗan."

"Yana hawa kai, ko yana sauka ƙirji?"

Na sake shaƙa. "Ƙirji."

Ta karɓi kwalbar ta karkata ta, tana kallon yadda man yake gangara a jikin gilashi, ta ɗiga a yatsa ta murza. Ta ce, "Wannan ne sandal ɗin." Na ɗaura wa kwalbar jan zare a wuya.

Wata na ce kamar an wuce kasuwar shanu daga nesa ranar da aka yi yayyafi, amma da daɗi, ba ka son ya wuce. Ta yi dariya har ta yi tari, ta ce baƙin miski ne, kuma wannan karon waƙar tawa ta yi amfani. Wata kuma na shaƙa sau uku na ce kamar maganin tari. Ta karkata kwalbar ta murza a yatsa, ta ce maganin tarin ne, ta daɗe tana nemansa.

Bayan kwalba biyar ko shida hancina ya daina bambancewa, komai ya koma abu ɗaya mai nauyi a goshina. Iya ta ce haka yake, in je in shaƙi hannun rigata in zaga zaure in dawo. A irin wannan hutun ne ta ga littafina a kan tabarma a buɗe, da zane-zanen layuka da zobba.

"Wannan zanen lalle ne?"

Na ce mata hoton ƙamshi ne. Na nuna mata huɗu da ke shafi ɗaya: na kanumfari, na kafur, na na'a-na'a, da na ɓawon lemo. Na ce kowannensu ƙwayoyin zarrar kabon goma ne a jikinsa, ba ƙari ba ragi, sai 'yan haidurojin, wasu da oksijin ɗaya ko biyu. Kabon ɗin kuma shi ne baƙin da na kankare a tukunyarta ɗazu.

"Gawayi," in ji ta. "Kanumfari gawayi ne. Kuɗin makarantar nan dai an yi asararsa."

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani yadda malaminmu ya yi mana. Kowace ƙwayar zarra tana da hannuwan da take kama wata da su. Haidurojin hannu ɗaya gare shi, in ya kama abu ɗaya ya gama. Oksijin biyu. Kabon huɗu. Kuma abin da ya raba shi da saura, yana son kama ɗan'uwansa kabon, riƙo mai ƙarfi da ba ya saki da wuri. In biyu suka riƙe juna, kowanne yana da sauran hannu uku a sake, sai su kamo na uku, na ukun ya kamo na huɗu. Su yi layi na goma, ko na ɗari, ko na dubbai. Layin ya yi reshe, ko ya lanƙwaso ya kama wutsiyarsa ya zama zobe. Wani lokaci biyu su riƙe juna da hannu bibbiyu ko uku-uku. Hannun da ya rage kuma su miƙa wa baƙi, haidurojin ko oksijin ko wani. Duk inda aka sauya wurin zaman ɗaya, an samu sabon abu, da ƙamshinsa da halinsa. Shi ya sa ba a gama ƙirga su ba har yau.

Iya ta ci gaba da tsintar hawi. Can ta ce, "To ai wannan Bakano ne. Kakanki ma Bakano ne, da jakar koli ɗaya ya shigo garin nan. Kafin ya rasu ba ƙabilar da bai yi surukuta da ita ba, Ngizim, Karekare, Bolewa, har Fulanin daji. In aka yi suna a gidan nan sai an nemo tafinta."

Na ce akwai wani ma mai hannu huɗu, silikon, amma shi jikinsa babba ne, in ya kama ɗan'uwansa riƙon ba ya ƙarko. Ya fi son oksijin, in sun haɗu su zama yashi, da yashin kuma ake yin gilashi.

Ta ɗaga wata kwalba ta dube ta a rana. "Wato wancan shi ne kwalbar, wannan shi ne abin ciki." Ta ajiye. "To tashi, hancinki ya huta."

Da yamma ta sa na yayyage wani tsohon zani, muka ɗiga kowane turare a tsumma ɗaya muka rataye a igiya a ɗakinta, kowanne daura da kwalbarsa. Ta ce turare kashi biyu ne, masu gudu da masu zama, kuma safiya ce take raba su. Da safe na bi igiyar ina shaƙa. Wasu tsummokaran babu komai a jikinsu sai warin zani. Wasu kuma kamar yanzu aka ɗiga. Na koma littafina na ga dalili: waɗanda kabon ɗinsu bai da yawa ba su da nauyi, iska take kwashe su da wuri, irin su sandal kuwa masu goma sha biyar sai su yi zamansu. Na gaya wa Iya da murna, ta ce ita ta san haka tun ba a haifi mai littafin ba.

A kwana na uku muka gama, sai kwalba biyu. Na shaƙi wannan, na shaƙi waccan, na zaga zaure na dawo, na sake. Na ce abu ɗaya ne a kwalba biyu.

"Ni ban taɓa raba turare ɗaya gida biyu ba."

"Wallahi Iya ɗaya ne. Har tsummansu ɗaya."

Ta karkata su tare, ta murza a yatsu, ta duba launi. Ba bambanci. Ta ce a cikin turaren matar Dogo Nini akwai wata madara mai irin wannan kauri, tana tsammanin ita ce, amma zuciyarta tana gaya mata akwai wata kuma da ba mu gano ba. Ni kuwa na gaji, kaina yana sarawa, na nace.

"To," in ji ta, "ke ce mai hancin."

Ta faɗi haka ba da zolaya ba, kuma na fi son da zolayar ta yi. Muka ɗauki ɗaya muka mayar da ɗaya kwalla.

Ranar haɗin, aikin hannu duk nata ne. Ta narka sukari da ruwa da ɗan lemon tsami, ni ina tsaye da hancina a kan tukunya, ita tana ɗiba tana ja tsakanin yatsu biyu har ya yi zare. Ta zuba hawi da kajiji tana juyawa da muciya, kowane tsinke ya sha ya yi sheƙi. Ta sauke, ta barbaɗa soyayyen farcen turare, ɓawon wata halittar ruwa, da ta daka, sannan madarori ɗaya bayan ɗaya, masu zama a farko, masu gudu sai da ya huce. Ba ta auna komai da cokali ba. Muka juye a wata kwalla, ta ɗaure bakin da leda da tsumma, muka tura ƙarƙashin gado.

A cikin kwanakin jiran na kai wani babi a littafina da ya hana ni sukuni. Ashe akwai sinadaran da komai nasu ɗaya ne, yawan kabon, yawan haidurojin, har wanda ya kama wane, amma ɗaya hoton ɗaya ne a madubi, kamar takalmin dama da na hagu. Kuma hanci yana iya raba su. An ba da misalin wasu biyu, ɗaya ƙamshin na'a-na'a, ɗaya ƙamshin wani irin kayan yaji da ban taɓa gani a kasuwarmu ba. Na zauna ina mamakin abin da ke cikin hancin mutum da yake shafa siffar abin da ido ba ya gani, har ya san damansa da hagunsa. Littafin bai yi dogon bayani a kan wannan ba. Sannan na tuna kwalaben nan biyu, da yadda na rantse. Ban gaya wa Iya ba.

Matar ta zo wata Laraba bayan la'asar, tana ba da haƙurin tireloli sun cushe hanya saboda kasuwa. Bayan gaisuwa Iya ta sa na kawo garwashi a kasko. Ta kwance kwallar, ta ɗebo kaɗan ta zuba. Matar ta jawo kaskon ƙarƙashin mayafinta ta rufe ido. Ni ina kallon Iya, Iya tana kallon fuskar matar, don nan ne kaɗai za ta karanta abin da ta haɗa.

"Shi ne," in ji matar, da Hausarta mai karin Bolanci. Ta ci gaba da shaƙa har hayaƙin ya ragu. "Farkonsa shi ne, Iya. Amma nawa yana da wutsiya. In hayaƙi ya mutu akwai abin da yake saura a zani, ɗan ɗaci-ɗaci mai sanyi. Shi nake jira, bai zo ba."

Iya ta juyo ta dube ni. Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko kwalaben biyu, da wani kaskon. Na ɗiga ta farko a garwashi ɗaya, matar ta shaƙa ta ce wannan yana ciki. Na jira ya wuce, na ɗiga ta biyu. Tun kafin ta yi magana na ji da kaina. A sanyi tagwaye ne, a kan wuta kuwa ta biyun ta buɗe wani abu can ƙasa, kamar ɓawon itace da aka jiƙa.

"Wannan," in ji matar.

Na ce, "Laifina ne, Iya. Na ce miki ɗaya ne."

"Laifina ne da ban ce ki gwada a wuta ba." Ta gyara zama ta fuskanci matar. "Gara ki sani, tunda turaren 'yarki ne. Hancina ya tafi tun ciwon nan. Da na yarinyar nan na yi aikin."

"Ai na sani, Iya."

"Wa ya gaya miki?"

"Ranar da na zo lambatun ƙofar gidanku ya toshe, tun daga bakin layi nake toshe hanci. Na same ki a zaure kina cin goro, ba ki zagi kowa ba."

Iya ta dube ta. "Kika sani, kika ba ni aikin?"

"Wa zan ba? Masu hanci sun cika gari. Wa ya san me ake zubawa bayan me?"

Iya ta karɓi kwalbar ta biyu ta tsiyaya a kwallar, hannunta ya tsaya da kansa inda ya saba tsayawa. Ta juya, ta ɗaure, ta ce a dawo bayan sati, akwai sauran lokaci kafin biki. Da matar za ta tafi ta ce duk Juma'a tana zuwa gaida yayarta a layinmu, in ana buƙatar hanci nata yana nan.

Bayan ta fita Iya ta daɗe tana kallon garwashin. Sannan ta ce in babana ya dawo kasuwa in ce tana nemansa, gara ya ji a gida da ya ji a layi.

Baba ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye in akwai wanda za ta bi ta kansa. Ya zo ya durƙusa a gefen tabarma ya gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wajen.

"Ki gaya masa hancina ba ya ji tun zazzaɓin nan."

Na juya na gaya masa, ko da yake yana kusa da ita fiye da ni.

"Haba Iya," in ji shi a hankali. "Wata biyu? Da kin faɗa ai da an je asibiti. Kin ga abin da nake faɗa kenan, aikin nan..."

"Ki gaya masa asibiti zan je, gobe ma in ya so. Ki gaya masa hannuna lafiya lau, kaina ma haka. Na yi wa 'yar Dogo Nini turare ba hanci, kuma ta karɓa. Tukwanena suna nan inda suke."

Wannan karon ban maimaita ba. Baba ya cire hularsa ya riƙe, ya dubi tukwanen da ke kife a gindin bango, ya dubi ɗan madafin da take aiki a ciki, wanda rufinsa ya yi baƙi da hayaƙin shekaru. Ya tambaye ni wa zai riƙa shaƙa mata in na koma makaranta, na gaya masa matar Dogo Nini ta ce za ta riƙa zuwa duk Juma'a. Ya tambaya wa zai tsaya a kan wuta don kada ta kama ba ta sani ba, Iya ta ce in gaya masa gidan nan cike yake da mata masu zaman banza. Ya yi murmushin da bai so ya yi ba.

"To ba a cikin ɗakin can ba," ya ce. "A yi mata rumfa a fili, inda iska za ta riƙa ɗauke hayaƙin."

Iya ta ce in gaya masa ta ji.

An je asibiti, likita ya ce hancin wani yana dawowa, na wani ba ya dawowa duka, sai a jira. Ranar Asabar kafinta ya zo da kwanon rufi huɗu da katako a amalanke. Iya ta fito da kujerarta ta zauna a inuwa tana nuna masa da sandar muciya inda zai kafa dirka, ta sa ya cike ramin farko ya sake haƙa wani sau biyu kafin ta yarda.